Tururuwa a Cikin Ludayi

Gummi, ranar Laraba.

Zuwa ga ƙanwata Naja'atu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Ɗanmusa da yara baki ɗaya. Yaya sanyin Jos, yaya kuma ƙafar nan taki mai kumburi? Allah ya ƙara sauƙi, ya bar ki da 'ya'yanki, ya sa su yi miki irin abin da kika yi wa Inna kafin ta rasu. Na san za ki yi dariya in kika ga rubutun, ke da kike cewa hannuna kamar kaza ta yi tono. Ki yi haƙuri ki bi shi a hankali, rabona da alƙalami tun ajin yaƙi da jahilci, kuma a kan gwiwa nake rubutawa a gindin dogon yaron asibiti. Na so in kira ki, amma wayar ta Lauwali direba ce, in ya ba ni aro yana tsaye a kaina har in gama, maganar nan kuwa ba ta gaban mutane ba ce. Shi zai kai takardar tashar Gusau ya ba masu zuwa wajenku.

Mu dai muna nan yadda kika sani. Har yanzu muna Bukkuyum a ɗakin da Malam Nuhu ya ba mu aro a bayan gidansa, Allah ya saka masa, ko ya gaji da mu bai taɓa nunawa ba. Garinmu Yargalma kuwa sai labari. Bana ma ba wanda ya sa fartanya a gonarmu, wanda ya yi ƙarfin hali ya leƙa ya ce ciyawa ta kai ƙirji. Jikata Amina ta yi tsawo, ta shiga Islamiyya, ta kuma gado bakinki sak, ba a faɗa ta yi shiru. Na bar ta wajen matar Malam Nuhu, ni da surukata Zulai muna nan asibiti a Gummi da jaririyarta Khairat, yau kwana goma sha ɗaya.

Saƙonki ya iso ni. Kin ce in faɗa miki wace madara Khairat take sha, mai shuɗin gwangwani ko mai rawaya, don ki saya ki aiko kafin wata ya ƙare. Na gode, Allah ya bar zumunci. Amma kafin in amsa sai na koma da ke baya, don akwai abin da ban gaya miki ba, ban kuma gaya wa ɗan namu Maikuɗi, mijin Zulai, ba. Wata bakwai ke nan yana wajenku yana dakon buhunan dankali, an haifa masa 'ya an yi suna ba ya nan, abin da ya sani kawai shi ne matarsa ba ta da ruwan nono. Ni na aika masa da haka, kuma ba haka ba ne.

Kin san Zulai ta binne 'ya'ya uku. Biyun farko a shekarar gubar dalma ne, lokacin da kowane gida a Yargalma ya koma wurin dakan dutsen zinariya. Ba zan ɓoye ba, har da hannuna a ciki. Turmin da muke surfe da safe, a cikinsa muke daka dutse da rana, yara suna rarrafe a ƙurar suna tsotsar yatsu. Likitoci suka zo suka auna jini, aka kankare ƙasar tsakar gida aka zuba sabuwa, aka tara mu aka ce ƙurar ce ta kashe su. Na ji da kunnena, na ce to. Amma zuciyata ba ta ce to ba, don gidan da ke jikin namu sun fi mu daka, kuma nasu biyu sun rayu. Bayan shekara shida na uku ya zo, ƙasa sabuwa, ba dutse ba ƙura, shi ma bai kai yaye ba, zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shi. Wadda ta tsaya da ƙafarta Amina ce kaɗai, ita kuwa kin tuna nonon Zulai ya yi ƙurji a lokacin, yayarta ta Abare ce ta shayar da ita har yaye. Uku sun sha sun tafi, ɗaya ba ta sha ba ta zauna. Naja'atu, da ke ce me za ki ce? Shekara da shekaru ina juya wannan a raina ban faɗa wa kowa ba, yarinyar nan tana durƙusa mini tana yi mini ladabi, ni kuwa ina zargin ƙirjinta.

Da aka haifi Khairat, rana ta uku, na aika aka kira Amariya ungozoma, ita ma gudu ya kawo ta Bukkuyum. Na ce a gwada nonon yadda ake yi wa matan gidanmu tun muna yara. In kin manta, ke da kika zama 'yar birni, ana tatsa ne a ludayi, a kamo tururuwa a zuba. In sun yi iyo sun fito, nono lafiya lau. In sun mutu a ciki, mugun nono ne, ba a ba yaro. Amariya ta tatsa, muka matsa bakin ƙofa inda haske yake, na kamo guda biyar a gindin katanga, muka tsuguna muna kallo. Da aka jima ta karkato ludayin ta nuna mini, duk biyar suna kwance. Ta ce ita dai ba ta ce komai ba, ido ya gani. Ranar na ɗauke yarinyar na mayar da ita shimfiɗata.

Zulai ba ta yi mini musu ba, kin san halinta, ko ƙafarta ka taka ita za ta ce maka sannu. Nono ya cika ya yi tauri, yana zuba har ya jiƙa zane, yarinya na kuka a hannuna, uwa ta juya bango tana nata. Sau biyu ina dawowa daga rijiya in tarar ta sa ta a ƙirji a ɓoye, yarinyar na zuƙa har da lumshe ido. Na fizge ta, na ce so kike ki cika huɗu? Wannan magana ta fito daga bakina, ba zan ce ba ta fito ba. Na samo maɗaci na shafa mata kamar mai yaye, na haɗa ta da jiƙon saiwoyin wanke nono, na ce in ta yi arba'in sai a sake gwadawa. Kafin arba'in ba abin da ya rage da za a gwada.

Daga nan na shiga neman abin da zan ba ta. In da ne, ai ba sai na yi dogon tunani ba. Kin tuna Fatiha, Bafillatanar da ke sauke ƙwaryarta a zaurenmu kowace hantsi, ta zuba mana madara da ɗuminta har ta ƙara gyara? An kore shanunsu shekara uku ke nan, an ce tana Anka tana wanke-wanke a gidan abinci. Nonon da ake sayarwa yanzu a kasuwa, mai shi za ta rantse miki na shanu ne, alhali garin madara ne aka dama ya kwana, aka ƙara kuka don ya yi kauri. Na nemi mai shayarwa a cikin matan da muka yi gudu tare, amma kowace kika duba nata ɗan ma bai ƙoshi ba, ita kanta sau ɗaya take ganin tuwo a rana. Wata baiwar Allah ta karɓa ta yi kwana biyu, a na uku uwar mijinta ta aiko a ce mu yi haƙuri, an gaya mata 'ya'yan gidanmu ba sa zama. Ban ji haushinta ba, da ni ce haka zan yi.

Malam Nuhu ya ba mu akuyarsa mai ɗa, ita ta riƙe mu wata guda. In tatsa, in tafasa, in ba ta da cokali, rabi ya shiga rabi ya dawo, amma dai tana nan. To akuya ma sai ta ci, ga shi ba mai shiga daji yankan ciyawa yanzu, wanda ya wuce bayan makabarta sai an yi ta addu'a har ya dawo. Dusa kuwa mutane ke dama ta su sha. Nonon ya yi ta ja baya har ya zama ina matsa tana harbina, ba abin da ke fitowa.

Ana cikin haka gwangwanayenki biyu na madara suka iso. Ranar har guɗa na yi. Na kai wa mai kemis ya karanta mini abin da ke jiki, ya nuna mini ɗan cokalin da ke ciki, ya ce cokali kaza a ruwa kaza, kuma in aka bi yadda aka rubuta gwangwani ba zai wuce kwana biyar ba. Na ce kwana biyar a gidan wa? Inda ya ce uku na riƙa zuba ɗaya, ina ganin ai dai ya yi fari, ciki kuma ya cika. Na ja gwangwani biyu har wata ɗaya da 'yan kwanaki, ina yaba wa kaina iya tattali. Da suka ƙare na je in sayi ko ɗaya, na ji kuɗin, na juyo ban ko taya ba. Sai na koma madarar awo, irin ta masu shayi da ake ƙullawa a leda. Tana da zaƙi, yarinyar ta karɓa, na ce alhamdu lillahi an dace.

Sati biyu da fara ta, gudawa ta kama yarinyar. Ta tsaya ta dawo, ta tsaya ta dawo, har maɗigarta ta faɗa, fatar cinya ta yi yaushi irin ta tsofaffi, kukan ma ya koma buɗe baki kawai. Zulai ce ta goya ta wata safiya, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce za ta asibiti, ko da ni ko ba ni. Tun da aka kawo ta gidanmu ban taɓa jin ta yanke magana ba sai ran nan. Na ɗauki mayafi na bi bayanta, daga Bukkuyum aka turo mu nan.

Malamar asibitin da ta karɓe mu yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar Abdussalam ɗinki ba. Ta ɗora Khairat a ma'auni, ta duba, ta sake dubawa, ta ce wata huɗu amma nauyin na ɗan sati biyu ne. Ta tambayi me ake ba ta, na jero mata tiryan-tiryan har da ɗan alfahari, don ta san ba sakaci muka yi ba. Ba ta yi mini tsawa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce nonon akuya da na shanu sun yi wa cikin jariri nauyi. Ta ce ta gwangwani in aka tsinka ta haka, ruwa kawai yaro yake sha. Ta awo kuwa ta ce ba don jarirai aka yi ta ba sam, mai ne da sukari da ɗan gari don shayi ya yi fari, ga ruwan rijiya, ga kofin da ƙuda ke hawa. Na ce to wacce ce ta kirki a cikinsu, in ji. Ta nuna Zulai da alƙalami ta ce wadda ke jikin wannan. Sai na kawo mata zancen dalma, ina ganin na kama ta. Aka ɗebi jinin Zulai aka auna, ta dawo ta ce abin da ke ciki bai kai a hana ta shayarwa ba, ko kusa. Amma a raina na ce ke dai kin yi boko, ni kuwa na ga tururuwa da idona.

Suna ba ta wata madara tasu ta asibiti, su ke haɗawa su ke aunawa, a ɗura mata ta siririyar roba a hanci don ba ta da ƙarfin haɗiya. Ni ke wanke kofin. Shekaranjiya da hantsi na fito da shi da ɗan saura a ciki, na ajiye a gindin bishiyar nan na tafi bin layin famfo. Da na dawo na tarar tururuwa sun shiga, bakwai ko takwas, duk sun mutu. Na tsaya riƙe da kofin. Madarar da likita ya auna da hannunsa ce, wadda na ga ta tayar da yaron gadon da ke kusa da namu har ya fara zama. Na ɗauraye kofin, na zuba ruwan famfo zalla, na kamo biyar na jefa na zauna. Biyu suka kama gefe suka fita, uku suka mutu. Na sake da kunun Zulai, haka. Naja'atu, tsohuwa da ni, da furfura, ina tsugune a tsakar asibiti ina kashe tururuwa, masu jinya na wucewa suna kallona. Ashe tururuwa ba ta san mugun nono ba, nutsewa take yi. Wadda ta sami gefe ta fita, wadda ba ta samu ba ta mutu.

Yanzu ga abin da ya sa na ce ba a waya ba. Ranar gwajin nan, ba duk biyar ne suka kwanta da kansu ba. Ɗaya ta yi ta fama har ta kama bakin ludayin ta hau, jiƙe sharkaf, ta fara tafiya a kan mariƙin tana nufar yatsan Amariya. Na ɗauki tsinke na mayar da ita, na ce ba ta jiƙu sosai ba. Amariya ta dube ni ta kau da kai, ni na kira ta, ni ce uwar miji. Wallahi a lokacin ban ɗauka ha'inci nake yi ba. Na riga na yanke hukunci tun shekaru, gani nake ƙwaron ne ya yi kuskure.

Jiya bayan azahar na kasa riƙewa. Zulai na zaune a bakin gado ta sa yarinyar a ƙirji, don malamar ta ce ta riƙa sa ta kullum ko Allah zai sa ruwan ya dawo. Kwana goma tana yi. In an matsa da ƙarfi ɗigo biyu ne ko uku, yarinyar kuma ba ta ja, bakin kawai take ɗorawa. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta na faɗa mata duka, na kofin da na tsinken. Na so ta zage ni, na so ta kira ni da sunana a gaban mutane. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta gyara wa yarinyar kai, ta ce, "Na gani, Inna. Ina kwance ina hangen ku sa'ad da kim maida ta." Na ce to me ya hana ki magana, 'yar nan? Ta ce, "Ukku nib bizne. Nic ce ko ke ad da gaskiya."

Yau da safe likita ya zagayo, ya daɗe a kan gadonmu fiye da sauran. Ya ce gudawar ta tsaya, amma jikin ba ya karɓar abin da ake ɗura masa, kuma ciwo ya shiga ƙirji. Na tambaye shi ko akwai wata madarar da ta fi wannan, ko a Sakkwato ne ko a ina, ina da ƙanwa a Jos za ta sayo. Ya ce Inna, mu yi ta addu'a. Na yi jinyar jikoki uku kafin wannan, na san abin da ake nufi in aka ce haka, na kuma san irin kallon da yaro ke yi in ya daina neman kowa. Rai na Allah ne, ban yanke ƙauna daga rahamarsa ba, amma ba zan yi miki ƙarya ta biyu ba.

To ga amsar tambayarki. Kada ki sayo mai shuɗi, kada ki sayo mai rawaya. Abin da kika tanada ki ba Maikuɗi ya hau mota ranar da takardar nan ta same ki, kada ya jira ƙarshen wata, kada ya tsaya sayen tsaraba. Ya biyo ta Gusau da Anka da rana tsaka, in direbobi sun ce hanya ba kyau ya jira a tafi a ayari. Amma kafin ya tashi ki zaunar da shi ki karanta masa tun daga sama, kuma kada ki tsallake wurin tsinken don ki rufa mini asiri, na san halinki. Ni ba zan iya faɗa masa da bakina ba. Ɗan fari ne, ko sunansa na yanka ban taɓa kira ba, ta ina zan fara. In ya zo ya ƙi gaishe ni, ya yi daidai. Ya dai sani matarsa lafiyarta lau, nononta ma lafiya lau ne, ni na ƙafar da shi.

Ki gaida Malam Ɗanmusa, ki yi masa godiyar riƙon da yake yi wa yaron nan, Allah ya biya shi. Ki gaida Abdussalam, ki gaida Lirwanu da matarsa. Na ji tana da ciki, Allah ya sauke ta lafiya, in ta haihu ki bar ta da abinta, duk tsohuwar da ta ambaci ludayi ki raka ta ƙofa. Ki sa mu a addu'a, ni ma ki roƙa mini gafara in bakinki zai iya. Zulai tana gaishe ki. Na gaya mata ina rubuta miki, na ce ko tana da saƙo wurin mijinta. Ta ce a gaya masa yarinyar da shi take kama, har kunnuwan, ya yi sauri ya zo ya gani da idonsa.

Wassalam.

Ni ce yayarki,
Zaliha.